Sassaƙen China da gwiwar Hajiya

Shekarar da mahaifiyata ta zo wurina a unguwar Edmonton da ke London, a kan kujera take salla. Gwiwa ta hana ta durƙusawa. Ciwon bai dame ta kamar kujerar ba. Kullum maganarta ɗaya: ba za ta koma Kano ba sai goshinta ya taɓa ƙasa.

GP, wato likitan unguwarmu, ya ba ta ƙwayoyi, ta ce kayan yara ne. Sai na kai ta shagon wani ɗan China mai magani. Tana ganin kwalabe cike da saiwoyi da sassaƙe ta saki fuska, ta ce, "Yauwa, ga mutanen arziki." Mutumin ya riƙe wuyan hannunta, ya duba harshenta, ya auna busassun itatuwa a ƙananan ƙunshi. Ya jaddada mini cewa don jikinta kaɗai ya haɗa, a tafasa ta sha safe da yamma. Na fassara mata tas.

Amma ina! A wurin Hajiya magani ba ya zama na mutum ɗaya. Duk wadda ta shigo gaishe ta ta ce wash, sai an tsiyaya mata. Wata maƙwabciyarmu 'yar Ghana, mai sayar da atamfa, har da gora take zuwa. Tukunyar kuwa sai dai a ƙara ruwa, a jefa jar kanwa, har ruwan ya koma kalar shayin marowaci. Flat ɗin ya ɗauki warin da har yau nake jin sa a labule.

Raina ya ɓaci, na ce, "Haba Hajiya, naki ne fa!"

Ta ce, "Ke dai London ta lalata ki. Ina sha, mutum na ɗingishi a gabana?"

Ranar da za ta tafi ta shimfiɗa darduma, ta gwada durƙusawa, ta tsaya a rabi. Sai ta jawo kujera.

Bayan wasu watanni na haɗu da maƙwabciyar nan tana bin bas da gudu. Ta ce in gode wa Hajiya, ƙafarta ta warke sarai. Ko maganin ne, oho. Na kira Kano na faɗa mata.

Ta ce, "Alhamdulillahi, ashe rabonta ne. Bari in yi la'asar."

Ba ta kashe wayar ba. Ina ji tana jan kujerar a kan siminti.