Hilaire da 'Yan Matan Teku

A duk Dogon Dutsi, Hilaire kaɗai ya taɓa ganin teku, kuma bai bar kowa ya manta ba. Ɗan ƙauyen Kiyeshe ne, nan kusa. Aikin soja ya kai shi Faransa, ya ƙare da fere dankali a jirgin ruwa, ƙarƙashin wani kuku Bagirke mai shegen surutu. Shekarar da aka kafa tutar Nijar ya dawo gida da akwati ɗaya da ɗingishi, bakinsa cike da labari.

Ranar kasuwa yakan zauna rumfar Altine, 'yar bori mai sayar da fura, ya buɗe baki.

"Girkawa na da wani tsoho cikin teku, ɗiyansa mata hamsin. Akwai Tetis, in ka kama ta sai ta rikiɗe wuta, ta rikiɗe maciji."

"Hamsin!" in ji Altine. "Wa ka yi musu daka cikin ruwa?"

"Ba su daka. Rawa suke bisa bayan kifi."

"To waɗannan ai iskoki ne. Bari mu gani ko suna jin goge."

Da aka yi wasan bori na gaba, sai ga sabuwar iska ta hau Altine, wai Tatisa, tana wani yaren da ba mai ji. Hilaire ya zama tafinta. Ya ce baƙuwar ruwan gishiri take so, da sardin na gwangwani. Mata suka yi ta kawowa. Altine ta sha ruwan gishiri tana yatsina, Hilaire ya yi ƙiba.

Mompe, Bature limamin cocin mishan, ya kira shi. "Hilaire, kai fa Kirista ne."

"Mompe, baƙuwa ce daga wajenku. In bar ta ba tafinta?"

Damina ta faɗi, tafki ya cika, maraƙin Issa mahauci ya afka ciki. Aka ruga aka ɗauko Altine. Ta dubi ruwan, ta ce Tatisa ba ta shiga inda jakuna ke sha. Aka juyo ga Hilaire.

"Mu na jirgi bisa ruwa muke, ba cikinsa ba," in ji shi.

Wani Bafulatani ya jawo maraƙin da igiya.

Tatisa ba ta sake zuwa ba. Altine ta ce gero ne bai karɓe ta ba. Mompe ya ba Hilaire aikin buga ƙararrawar coci, ya yi ta bugawa har tsufansa, kullum a makare.