Yadda Muka Kusa Kashe Sabon Malami da Tuwo

A shekarar da aka ce motoci su koma bin hannun dama, mu abin bai dame mu ba, don motar da muka sani guda ɗaya ce, ta ranar kasuwa, ita kuwa tsakiyar hanya take bi. Abin da ya dame mu malamai ne. Mijina shi ne hedimastan firamaren ƙauyenmu, can tsakanin Gaya da Ajingi, kuma duk malamin da aka turo masa ba ya zama. Wani ya ɗan kwana biyu ya ce ruwan rijiyarmu bai karɓe shi ba. Wani kuwa ko akwatinsa bai sauke ba. Daga saman motar ya leƙo, ya dubi makarantar, ya dubi kukar da ke bayanta, ya ce wa direba ya yi mantuwa a Kano.

Daga ƙarshe ofishin ilimi na Gaya suka gaji da mu. Suka ce za su turo mutum ɗaya ya riƙe aji bakwai, in shi ma ya gudu za a rufe ajin, mai son ƙarasawa ya tafi Gaya. Yara maza ba su da matsala, kowa yana da kawu ko baffa a can. Amma ba uban da zai tura 'ya mace, har da mijin nawa mai ilimin. 'Yata ta fari kuwa a ajin take, ga ta da kai, lissafi kamar ta sha a nono. Ba a son uwa ta nuna rawar jiki a kan 'yar fari, don haka ban ce wa kowa komai ba. A raina dai na ƙudura cewa wannan malamin, ko ɗaure shi za a yi, sai ya zauna.

Malam, haka nake kiran mijina, ya yi nasa shirin irin na 'yan boko. Ya sa aka shafa wa ɗakin baƙon farar ƙasa, ya aro gadon ƙarfe, ya tsare yara suna ta bitar wata waƙar maraba ta Turanci har awakin garin suka kusa haddace ta. Na bar shi da waƙarsa. Ni na san al'adar garinmu: in aka yi baƙo, kowane gida ya aika masa da kwano na 'yan kwanaki. Sai na aika wa matan unguwa cewa wannan karon ba 'yan kwanaki ba ne, kuma kada wacce ta yi mana ganganci da miya.

Ranar kasuwa sabon malamin ya sauka. Mutumin kudu ne, daga can hayin babban kogi, saurayi, siriri, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Ni ban gan shi ba, don ba ma fita da rana. Duk abin da na sani game da shi, daga bakin yara ne da kuma kwanukan da suke dawo mana da su.

Ranar farko na tuƙa tuwon dawa mai laushi, na kaɗa miyar kuka da kaza, sannan na kawo abin da nake taƙama da shi. Dangin mahaifiyata suna ruga da shanunsu, ba sa raba ni da man shanu, kuma ni ba na ɗiga shi, zuba shi nake yi har mutum ya ga fuskarsa a saman miya. Na rufe langa na aika.

Langar ta dawo tas. Ko ɓarɓashin loma babu.

A wurinmu baƙo mai mutunci ba ya cinye abinci, sai ya rage wani abu a gindin kwano saboda yaran da suka kawo, da haka ne mai girki take gane ya ƙoshi. Kwano ya dawo wayam kuwa magana ce, ma'anarta an yi masa rowa. Ina tsaye riƙe da langar sai ga kan maƙwabciyata ta katanga, ita ma da nata kwanon a hannu, fes. Kafin la'asar labari ya zaga, kowane gida haka aka yi masa.

Sai ga Iya ta shigo. Wata tsohuwa ce Babarbariya da ke ƙarshen layinmu, ta wuce zaman kulle, ita ce rediyon unguwa. Burabusko take yi, da wata tsinkakkiyar miya wacce mai bai taɓa ratsawa ta kanta ba, kuma duk muna yi mata dariya a ɓoye.

Ta ce, "'Yan nan, kun ga abin da na gani? Har nawa ya share."

Na ce, "To ai magana ta ƙare, Iya. Wanda ya cinye naki, yunwa ta kai masa wuya."

Ta harare ni, amma ta yarda da maganar. Muka yanke shawara a ƙara hannu.

Washegari aka ajiye langa aka ɗauko samira. Ta dawo tas. Aka ajiye samira aka sauko da fanteka daga jeren ɗaki, irin wacce ba a taɓawa sai da suna ko biki. Ita ma ta dawo tas. Abin ya koma gasa. Wannan ta yi dambu, waccan ta yi ɗanwake da safe, matar mai unguwa ta aika da fura cikin ƙwaryar da sai yara biyu suke kama ta. Da azahar in ka tsaya a bakin makaranta, in ji Malam, sai ka rantse kayan gara ake kaiwa. Ni kuwa duk sanda aka ƙara girman kwano sai in ƙara ludayin mai, don ba zan yarda a ce daga gidan hedimasta aka gaza ba.

Abin mamaki, mutumin nan ramewa yake yi. 'Yar tawa ta ce wa ƙannenta, ina ji, wai yana tsakiyar rubutu a allo sai ya tsaya cak, ya dafe ciki, ya ajiye alli ya fita da sauri, ya daɗe bai dawo ba. Malam ya ce in ya gan shi da safe idanunsa sun faɗa, yana ta gumi. Muka sake zama. Wata ta ce tsutsar ciki ce take cinye abin da yake ci. Wata ta ce kewar gida ce, maganinta kuwa maiƙo. Wannan ta yi mini daidai, na aika ruga aka ƙaro mini mai.

Haka muka yi ta yi har wata ranar kasuwa. Dab da azahar ina tankaɗe na ji sallama a zaure, wata irin sallama mai karkace. Na leƙa ta kafar ƙyaure. Ga wani dogon yaro, wando ya yi masa yawa, akwatin ƙarfe a gabansa ɗaure da igiya. Sabon malamin ne, ya haɗa kayansa. Motar kasuwa da azahar take juyawa.

Suka yi ta Turanci shi da Malam. Ba na jin ko kalma, amma na ji muryar mai roƙo, na kuma ji sanda Malam ya fara wani tari wanda na san dariya yake dannewa. Raina ya ɓaci. Makarantar yarinya tana shirin hawa mota, shi kuwa yana dariya. Ban san sanda na buga ƙyauren ba.

Na ce, "Malam, tambaye shi me muka rage shi da shi? In bai ƙoshi ba ne ya faɗa, akwai rago a ɗaure."

Da aka fassara masa maganar rago, sai yaron nan ya ɗora hannu biyu a ka.

Malam ya matso jikin ƙyauren ya yi mini bayani. Ashe a garinsu, barin abinci a kwano zagin mai girki ne. Uwarsa ta ja masa kunne kafin ya taho, ta ce duk abin da mutanen wurin suka ba shi ya cinye, kada ya ja mata abin kunya. Shi ya sa kullum yake zama a gaban kwanukanmu kamar mai aikin gayya shi kaɗai, yana turawa yana hutawa, daga azahar har magariba. Da ya ga kullum ƙara girma suke yi, sai ya ɗauka gwada shi ake yi, ko kuma korar hankali ce. Ya ce yana son yaran, yana son aikin, amma yana so ya sake ganin uwarsa da ransa.

Na ce, "To ai da sauƙi. Ya rage mana loma ɗaya, shi ke nan."

Aka faɗa masa. Sai ya gwada Hausarsa, yana fuskantar ƙyauren.

"Mama, na gode. Amma akwai kwano ɗaya. Mai a sama, yawa yawa. Wannan kwano, in na ci, ba makaranta. Wane gida ne?"

Malam ya dubi rufin zaure kamar yau ya fara ganin azara.

Wallahi kwanona yake nufi. Man shanun da mata suke roƙo na in sam musu don masu jego! Na buɗe baki zan gaya masa cewa cikinsa ne bai san abin kirki ba, sai na ji motar kasuwa ta danna ham daga bakin kasuwa. Na haɗiye maganar, ta wuce da ƙyar.

Na ce, "Malam, tambaye shi wanne ne yake zauna masa lafiya."

Ya kwatanta. Wani ɗan kwano mai lotsattsen murfi, abinci wara-wara kamar tsaki, miya ba mai. Ai ban bari ya ƙarasa ba.

Na ce, "Ka gaya masa daga yau kwano ɗaya ne, wannan ɗin. Mai man kuma zan yi mata magana da kaina, na san gidanta."

Malam ya sake yin tarin nan nasa. Motar ta tashi ba yaron a ciki, muka ji ƙuginta har ya ɓace, sannan ya sunkuya ya kwance igiyar akwatinsa.

Sauran aikin ya fi wuya. Sai da na bi gida gida da aike ina lallashi, don kowacce gani take an raina tukunyarta. Magana kuwa ba ta ɓuya a ƙauye. Kafin sati ya zagayo kowa ya san kwanon wa ne yake fitar da malami daga aji, aka shiga yi mini kirari a gidan suna, in na miƙa wa mace abinci sai ta tambaye ni ko akwai bayan gida kusa. Na iya baki, duk garin sun sani, amma ban rama ba. Har yau dai ban yarda laifin man ba ne. Hatsin da Iya take yi masa burabusko ma daga rumbunmu yake fita, a ɓoye, don ba ta da ƙarfin ciyar da ƙato kullum.

Ya zauna, har ya yi kumatu. Ajin bai rufu ba. Da sakamakon jarrabawa ya fito, yarinyar ta samu kwalejin horon malamai ta mata, ita ce mace ta farko daga ƙauyen. Mata suka cika tsakar gidana ana barka. Sai ga Iya tana dogara sanda, ta ratsa su ta zauna a kan turmi, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"To, 'yan mai, ku shaida. Da burabuskona aka ci jarrabawar nan."

Mata suka juyo, ana jiran a ji abin da zan mayar. Na dubi yarinyar tana raba goro, kanta a sunkuye.

Na ce, "Haka ne, Iya. Allah ya saka miki da alheri."

Daga nan na ce zan ɗauko tabarma, na shige ɗaki na turo ƙofa, na yi kukan daɗi mai isata.