Ba a Rufe Shagon Mai Sikeli Ba

Daga Allah muke, kuma komai daɗewa wurinSa za a tattara mu. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, da misalin ƙarfe sha ɗaya na safe, Allah ya karɓi ran maƙwabcina a layin shagunanmu, wanda kowa ya sani da Mai Sikeli. Yana zaune a kan bencinsa yana daidaita sikelin wata mai sayar da hatsi, sai ya ce kansa na juyawa, ya jingina da bango. Kafin a kawo mota rai ya yi halinsa.

Yaya, shekara ashirin da shida bango ɗaya ne tsakanina da kai. Kai kana gyaran sikeli, ni ina yankan makulli da sayar da kwaɗo. Ka sha yi mini tsiya cewa sana'ata ta ɓata ni, wai mutumin da abincinsa ke fitowa daga tsoron ɓarawo ba zai taɓa ganin mutumin kirki ba. Ban taɓa musa maka ba. Yau ma da wannan halin nake rubuta ta'aziyyarka, sai ka yi haƙuri da ni kamar yadda ka saba.

Ba na mantawa da ranar da wani mahauci ya kawo maka sikeli, ya rage murya ya ce ka ɗan karkata masa shi, yadda kilo zai riƙa cika da wuri. Ka karɓa ka ajiye. Washegari ka miƙa masa abinsa a daidaice tsaf, ka ce masa, "Na gyara maka na nan, na can lahira kuma sai ka gyara da kanka." Ya tafi yana huci, amma bayan wata biyu shi ne ya riƙa turo maka abokan sana'arsa.

Babban alherinka gare mu shi ne maganar haya. Shekara tara da suka wuce wakilin mai gini ya zo da takardu bakwai, ɗaya ga kowane shago, bakinsa har kunne. Ya ce sabuwar yarjejeniya ce, har fenti za a yi mana kyauta. Mu shida mun riga mun zare biro, kai ka ce a bar maka takardar ta kwana. Ta yi kwana uku a hannunka, kuma aka gan ka sau biyu kana shiga ofishin mai gini. Ni ne na bi shaguna ɗaya bayan ɗaya ina cewa an saye ka. Ashe wurin lauya ka kai ta, ya nuna maka wani layi a shafi na huɗu wanda duk wanda ya sa hannu a ƙarƙashinsa ya yafe haƙƙinsa na sabunta haya. Shigar da kake yi ofis, gaya wa mai gini kake yi ido da ido cewa ba za mu sa hannu ba. Da gaskiya ta fito kunya ta hana ni gaishe ka har wata biyu. Kai ne ka leƙo wata safiya ka ce in ara maka magagarin goge ƙarfe, alhali na san kana da guda uku a aljihun tebur.

Tun daga lokacin ka zama malaminmu. Ka maimaita mana dokar har muka haddace: ɗan kasuwan da ke cikin shagonsa yana sana'a yana da ikon neman a sabunta masa haya, kuma mai gini ba ya hana shi sai da dalilin da kotu za ta karɓa. Amma idan ranar rubuta takardar nema ta wuce ba ka rubuta ba, ko wa'adi ya cika shagonka na rufe babu sana'a a ciki, to ka saki igiya da hannunka. Ranar cikar wa'adin kowane shago tana rubuce a cikin murfin kabad ɗinka. Wata takwas kafin ranar kake fara damun mutum, har a riƙa ɓuya in an hango ka.

To, Yaya, naka wa'adin ƙarshen watan Mayu ne, kwana sha bakwai bayan rasuwarka. Takardar nema ka kai ta tun da daɗewa, lauya ya tabbatar mini, kuma hayar ta koma hannun magadanka. Abin da ya rage shi ne ranar ta zo ta tarar da ƙofa a buɗe, ana aiki. Daga wannan ƙofar matarka ke ci, daga nan 'yarka babba ke ciyar da marayunta uku, ita da ta shekara goma sha biyu a gefenka tana koyon sana'ar tun rasuwar mijinta.

Tsohon mai gini ya rasu bara, ɗansa ke riƙe da ginin yanzu. Ya zo gaisuwa a rana ta biyu, ya daɗe a zaune, har da hawaye. Ina kusa da ƙofar ɗaki na ji yana ce wa 'yarka, "Ki rufe shagon nan ki huta, ko wata biyu ne, ba wanda zai taɓa ku. Babanki ai ubana ne. Ki ba ni makullin in sa a riƙa sharewa." Duk wanda ke wurin ya sa masa albarka. Ni kuwa wani tela na layinmu na tuna, wanda ya rufe shagonsa ya tafi jinyar mahaifiyarsa a kan irin wannan alkawarin, ya dawo ya tarar ana sayar da wayoyi a ciki.

Na ce wa zuciyata zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Sai ga direban ɗan mai gini washegari a shagona, yana neman kwaɗo mai dogon wuya, wanda zai shiga ƙarfen da ya karkace hagu. Ƙofa ɗaya na sani mai irin wannan ƙarfen, ta shagonka, domin ni na yi mata walda da hannuna, kuma ka shekara kana yi mini dariyar karkacewar. Wataƙila yana da wata ƙofar irinta a wani wuri, Allah ne masani. Amma in ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. Na ce wa direban kwaɗon ya ƙare.

Da yamma na tafi gidanka, tabarmi na shimfiɗe, mutane cike. Na nemi a kira mini 'yarka, na ce mata, "'Yata, gobe ki buɗe shago. In ba za ki iya ba, ba ni makullin in zauna miki." Nan na yi kuskure, da na tsaya a jimlar farko. Ƙaninka ya miƙe ya ce, "Kai dattijo, ba ka jin kunya? Ko kwana uku bai cika ba. An ce maka ba mu san ka daɗe kana son haɗe shagon da naka ba?" Ban iya ce masa ƙarya yake yi ba. Ka sani, na sani, sau biyu na roƙe ka ka sakar mini rabin gaban shagonka in faɗaɗa. 'Yarka ta dube ni irin kallon da kake yi wa sikelin da ba ka yarda da shi ba. Ta ce, "Baba, na ji. Ɗan mai gini ma na ji nasa." Ta koma ciki.

Ba ta ba shi makulli ba, ni ma ba ta ba ni ba. A rana ta huɗu da hantsi na ji ƙarar ƙofarka. Ita ce, idanu a kumbure, ta share gaban shagon ta zauna a kan bencinka. Abin da aka faɗa a kanta a layin nan ba zan rubuta shi ba, har da masu cewa ba ta san zafin uba ba. Mai hatsin nan ta zo karɓar sikelinta da ka bari a kwance. 'Yarka ta ƙarasa shi tana kuka, ta gwada da duwatsun awonka ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya daidai. Kullum tun daga ranar tana buɗewa, tana rubuta sunan duk wanda ya kawo aiki da kwanan wata, yadda ka koya mana saboda ranar shaida.

Shekaranjiya wa'adi ya cika, ƙofa a buɗe. Lauya ya ce yanzu ba mai fitar da ita sai ta hanyar kotu, kuma da hujja. Ɗan mai gini ya biyo ta layin ya gaishe ta da fara'a, ya ce ya yaba da ƙoƙarinta. Na kalli fuskarsa iya kallona ban karanta komai ba. Har yau ban sani ba ko na kama ɓarawo ne ko na zalunci mai gaisuwa.

Abu ɗaya na sani. Yarinyar da na goya a kafaɗata tana ƙarama, wadda ba ta wucewa sai ta durƙusa ta ce "Baba, an tashi lafiya?", yanzu daga nesa take ɗaga mini hannu. Jiya da ta tashi aiki na ga sabon kwaɗo a ƙofarka. Ba nawa ba ne, can ƙarshen gari ta je ta sayo shi wurin wanda bai san mu ba. Ya yi mini ciwo, Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Da ta tafi na je na juya shi a hannuna, na auna nauyinsa, na leƙa bakinsa. Kwaɗo ne mai kyau, ni kaina ba zan iya buɗe shi ba.

Allah ya jiƙan ka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya nauyaya ma'auninka da alherin da ka yi wa shaguna bakwai da gidajen da ke bayansu. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, da ƙaninka wanda ban riƙe shi da komai ba, da jikokinka, da dukan dangi. Idan na ɗauki alhakin ɗan mai gini da zatona, Allah ya yafe mini. 'Yarka kuwa, Allah ya ba ta haƙuri, ya riƙa mata, ya bar mata wannan ƙofar a buɗe, ko da ba za ta sake ce mini Baba ba. Amin.