Kek ɗin Jibna da Ƙafar Balarabe

Idan ka shigo layinmu a unguwar Alsawra ta Omdurman kana neman gidan Hansatu, ba sai an raka ka ba, ka duba ƙofar da faranti ke fita yana shiga kawai. Katanga ɗaya ce tsakanina da ita. Mijinta Balarabe kuma taubashina ne, ɗan kawuna, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa a nan halal ne, in ya ji haushi ya kai ƙara inda ya ga dama.

A Mayo, unguwar talakawa can bayan gari, aka haifi Hansatu, a gidan masu ƙuli-ƙuli. Kakarta ta taso daga wajen Haɗeja da niyyar Makka, ta tsaya a Sudan ta ɗan huta, hutun da har yau jikokinta ba su gama ba. Hansatu ta tashi hannunta a cikin tunkuza, tana matse mai tun kafin ta iya ɗaura zani da kyau. Da aka kawo ta Omdurman amarya, da turminta ta zo, da kuma wani hali da har yanzu ba ta rabu da shi ba: ba ta iya girki ta ci ita da mijinta kawai. Ko ruwan zafi ta dafa sai ta zuba a kwano ta miƙa wa wani.

A layinmu kuwa akwai doka wadda ba a rubuce take ba, amma ta fi ta gwamnati ƙarfi. Farantin da aka aiko miki da abinci ba ya komawa wayam. Ko ba ki da komai sai ki nemo, kuma in so samu ne abin da kika mayar ya ɗara wanda aka kawo. Mayar da kyauta kuwa, wato a kawo miki ki ce ba kya so, wannan ko a labari ba mu taɓa ji ba.

Balarabe tela ne a kasuwar Omdurman, jallabiya yake ɗinkawa da keken ƙafa, don ya ce ba zai zauna jiran wutar lantarki ta yi masa sarauta ba. Mutumin kirki ne, amma kwaɗayin zaƙi ya yi masa katutu. Sukari yake zubawa a shayi har sai ya daina narkewa. Wata rana, tun kafin yaƙin nan ya zo ya hargitsa mu, ƙusa ta soke shi a babban yatsan ƙafar dama, ƙafar da yake taka keke da ita. Ciwon ya ƙi warkewa. Da aka matsa masa ya je asibiti, likita ya ce ciwon sukari ne, ya daɗe a jikinsa, kuma in sukarin bai sauka ba ƙafar ce za ta tafi. Ya hana shi kisra, wainar dawar nan tamu, ya hana shi asida, wato tuwonmu, ya hana burodi, ya hana sukari.

Balarabe ya ce, "To ya doktor, me ya rage? Iska?"

Hansatu ba ta yi dariya ba. Ta dawo gida ta zauna a tsakar gida ta zabga tagumi, don duk abin da ta iya dafawa a duniya yana cikin abin da aka hana. Ran nan na ji tausayinta ƙwarai.

Mafita daga Alƙahira ta zo, ta waya. 'Yarsu Iman da ke aure a can ta turo hoton bidiyo na wata Baturiya tana gasa wasu ƙananan kek, ba fulawa ba sukari, sai ƙwai da cuku da garin loz, wani ɗan itace mai tsada mai kama da gyaɗa. Muka haɗa kai muka kalla. Hansatu ta ce, "Garin loz? A Alsawra? Ita wannan matar ta ɗauka kowa mijinta minista ne." Ta tashi ta jawo turminta. Ta soya gyaɗa sama-sama, ta niƙa, ta matse mai kamar yadda uwarta ke yi, ta shanya tunkuzar, ta dake ta ta tankaɗe. Ta jiƙa jibna, farin cukun nan namu mai gishiri, ta tsiyaye ruwan, ta marmasa. Ta fasa ƙwai, ta yanka lawashi da ɗanyen barkono, ta barbaɗa 'yar hodar nan mai sa kek ya tashi. Kwanon gashi irin na Baturiya babu, sai ta wanke gwangwanayen madara ta shafe su da mai ta jera a murhun gas.

Na farko dai sai addu'a. Da an jefi kare da shi da ya yi ƙara. Balarabe ya gatsa, ya tauna, ya ɗaga ido sama ya ce, "Umm Iman, wannan kek ne ko horo?"

"Abu Iman, ƙafarka ce," in ji ta. "Ci."

Ta rage garin, ta ƙara ƙwai, ta zuba ɗan kindirmo. A hankali abin ya fara tashi, samansa ya yi ja, cikinsa ya yi laushi, jibnar na narkewa tana ƙamshi. Ni dai gaskiya da zafinsa ina cin biyu ban sani ba. Balarabe ma yana ci, sai dai fuskarsa kamar mai shan maɗaci.

To nan fa halin Hansatu ya motsa. Ta yi sabon abu, ya yi kyau, a ce maƙwabta ba su ɗanɗana ba? Faranti ya fara fita. Ni ta katanga take miƙo min, in mayar mata ta katanga. Sauran kuwa ta ƙofa.

Matan layi suka gatsa suna jiran zaƙi, suka ji gishiri da barkono. Mayada matar mai raksha, wato a-daidaita-sahu, ta ce min ta ɗauka Hansatu ta ɗebo gishiri a maimakon sukari, ta rasa yadda za ta gaya mata. Sai tausayin Balarabe ya kama layi gaba ɗaya. Bawan Allah yana kwance da ciwo, matarsa na ba shi kek mai yaji! Kowace ta ɗaura ɗamarar ceto shi. Aka shiga cika farantan Hansatu da zalabiya tana ɗigar zuma, da biskit mai sukari a ka, da basbusa, kek ɗin nan da ake jiƙawa da ruwan sukari.

Basbusar kuwa ta Haja Fatna ce. Ita ce babbar layinmu, ita ake kira in an haihu, ita ake kira in an rasu, kuma ba a taɓa jin an musa mata ba. Basbusarta ko a biki sai an ɓoye wa manya rabonsu. Mijinta Abdulmajid, Allah ya jiƙansa, wannan ciwon ne ya tafi da shi bayan an yanke masa ƙafa har gwiwa. Ba a maganar a layi.

Yanzu ku ji aikin taubashina. Tunda ba ya zuwa kasuwa, sai ya sa aka fitar masa da angareb, gadon igiyar nan, ƙofar gida ƙarƙashin dalbejiya, ya ɗora ƙafa a kan matashi, wai yana shan iska. Duk farantin da ya dawo, a hannunsa yake sauka. Ya san in ya lashe ya shigar da faranti wayam asiri zai tonu. Sai ya ƙulla da mai amalanken jaki da ke tallar kayan miya. Ya cinye basbusa, ya suɗe zuma, ya goge faranti da gefen jallabiya, ya jera kokwamba a kai, ya ƙwala kira: "Umm Iman, ga saƙon Haja!"

Hansatu har ƙwalla ta yi. Ta leƙo ta katanga ta ce min, "Khadiga, kin ga mutanen arziki? Kowa ya gane halin da muke ciki. Kokwamba kawai suke aikowa." Kokwamba ta cika gidan, har ni ana miƙo min.

Sukari dai bai sauka ba. Yatsan ya fara baƙi. Likita ya ce shi kam yatsan ya riga ya tafi, sai a yi ƙoƙarin tsirar da sauran ƙafar. Ya tambayi Hansatu me take ba shi, ta lissafa, ya dube ta kallon wanda bai yarda ba. Wannan kallon ya ƙona mata rai fiye da zagi.

Asiri ya tonu ne wurin shan jabana, kofin nan namu, a gidan Mayada, mata cike da rumfa, turare na tashi. Hansatu ta matsa kusa da Haja Fatna cikin ladabi ta ce, "Haja, Allah ya saka da alheri. Kokwambar nan da kike aiko mana ta fi ta kowa kyau."

Haja ta ajiye finjali. "Ni? Kokwamba?"

"Wadda kike sa mana a faranti."

"Ya bitti, 'yata, ni Fatna tunda aka kawo ni layin nan ban taɓa sa kokwamba a farantin mutum ba. Akuya na aika wa? Basbusa nake ba mijinki hannu da hannu, da zafinta!"

Mayada ta ce ita zalabiya. Wata ta ce ita biskit. Ni kam dariya ta ci ƙarfina har na ƙware da kofi, Allah ya yafe min. Da na ɗago na ga fuskar Hansatu sai dariyar ta ɗauke.

Abin da ta gaya wa Balarabe a ranar ba sai na leƙa ba, katangar ba ta da kauri. Ya fara da rantsuwa, ya koma cewa kunyar Haja ya ji, daga ƙarshe ya ce ai ɗan ɗanɗanawa yake yi. Aka mayar da angareb cikin gida, daidai inda take ganinsa daga madafa.

Washegari da hantsi Haja Fatna, don ta wanke sunanta daga zancen kokwamba, ta aiko Mayada da tire guda na basbusa, ta ce a damƙa wa Hansatu a hannunta. Ina tsaye a ƙofata. Hansatu ta karɓa, ta tsaya tana kallon tiren. Sai ta gyara tob ɗin da ta yi lulluɓi da shi, ta ɗora tiren a ka, ta tsallaka layi rana tsaka, kowa na gani. Ta yi sallama, Haja ta fito.

"Haja, ki yafe min. Na dawo da shi."

"Kin dawo da me?"

"Ba zai shiga gidana ba. Uwa kike a wurina, wallahi, amma ƙafar nan da ita muke ci. In na aiko faranti, ki dawo min da shi haka nan, ba komai a ciki. Na roƙe ki."

Haja ta miƙo hannu. Ta karɓi tiren, ta shiga, ta rufe ƙofa.

Layi ya ɗauke wa Hansatu wuta. In ta yi gaisuwa a amsa da hanci. Aka yi jabana ba a kira ta ba. Aka ce 'yar Mayo ce, dama me ta sani. Matar da ba ta iya shan ruwa ita kaɗai ta wayi gari ba mai karɓar farantinta sai ni. Ta rame a tsaye. Na ce mata ta je ta ba da haƙuri ta karɓo ko da yanka ɗaya ne ta zubar a ɓoye, ta ce a'a, in ta karɓi ɗaya gobe tire zai dawo.

A cikin haka aka cire wa Balarabe yatsan. Ranar da aka sallamo shi ta gasa kek ɗinta, ya tashi fiye da kullum. Na ga ta jera wasu a faranti ta rufe, sannan ta je ta ajiye a bakin ƙofar Haja ta ƙwanƙwasa ta juyo. Halin nan dai ba ya barin ta.

Bayan la'asar ina gidan, na zo yi wa taubashina jajen yatsa ina tambayarsa ko za a rage masa kuɗin takalmi, sai ga sallamar Haja Fatna. Ita da kanta, da sandarta, faranti a ƙarƙashin tob. Ta zauna a bakin angareb, ta daɗe tana kallon ƙafar Balarabe da ke naɗe da bandeji. Sannan ta fito da farantin ta miƙa wa Hansatu. An wanke shi tas, ba komai a ciki.

Ta ce, "Abdulmajid sau biyu aka haƙa masa kabari. Na farko na ƙafarsa ne. Kuma ranar da aka dawo min da shi daga asibiti, kin san me na yi masa? Basbusa. Ya ce yana so, na kasa hana shi."



Ta dogara sandarta ta miƙe. A bakin ƙofa ta juyo. "Abin nan naki ba daɗi, ya bitti. Amma ki ci gaba da aikowa."

Hansatu ta rungume farantin a ƙirji ta fashe da kuka, irin kukan da ban taɓa jin ta yi ba. Balarabe ya sunkuyar da kai yana kallon yatsunsa huɗu da suka leƙo ta bakin bandeji. Can ya miƙa hannu ya ɗauki kek ɗin jibna ɗaya, ba wanda ya ce masa ci.