Juma'ar da Gummi Ta Kunna Waya Lokaci Guda

Shekara ta biyu da kafa ƙarfen sabis a Gummi, taubashina ya sauka gidanmu da jakar kwamfuta. Ɗan kawuna ne, injiniya a kamfanin waya, mutum mai son a san ya yi boko. Ni kuwa malamin firamare ne, kuma tun muna yara ba abin da ke min daɗi irin in ga ya ji kunya.

Aikinsa, in ji shi, ƙiyasi ne. Duk sanda aka kunna waya, sai ta aika gaisuwa ga wata na'ura can birni, ita kuma ta duba ko sim ɗin na gaskiya ne kafin ta ba shi hanya. In an buga kira, wata na'urar ta rubuta sanda aka fara da sanda aka kashe. Shi zai faɗi yawan saƙon da za su iya ɗauka ba su shaƙe ba. A takardarsa, mutum yakan kunna waya sau ɗaya da safe, shi ke nan.

"Wane mutum ke nan?" na ce. "Ɗan wane gari?"

Na kai shi ɗakin Inna. Wayarta na cikin kwalla, naɗe da ɗankwali, a kashe. Takan kunna ta duba ko yayata ta Anka ta yi filashin, ta kashe, kafin koko ya huce ta sake kunnawa. Ya zauna da biro yana jan layi duk kunnawa. Kafin azahar ya gaji.

"Inna, don Allah ki bar ta kunne," ya ce.

"Abin ga wuta shika sha ko ba a magana," ta ce. "Kai za ka kai min ita wurin mai janareto?"

Ranar Juma'a ya ga babbar. Kowa yakan kashe waya kafin huɗuba, ana sallame salla kuma gari duka ya kunna tare. Sabis ya ɗauke ɗif. Ashe 'yan kamfanin sun daɗe suna ganin wannan cunkoso a ofis, suna ta zagin na'ura.

Maimakon ya koma ya gyara takardarsa, sai ya ce zai gyara mutanen Gummi. Ya je ya durƙusa gaban liman, ya roƙa a ce wa jama'a su riƙa kunnawa sahu-sahu, na gaba su fara, na baya su ɗan jira. Na hana shi, amma ba da ƙarfi ba.

Juma'a ta zagayo, ladan ya yi sanarwa yadda aka ce. Ana sallamewa, har tsofaffin da ba sa taɓa waya sai sun isa gida suka zaro tasu, don su ga yadda abin ke mutuwa. Wani makiyayi kusa da ni ya kunna, ya kashe, ya kunna, yana dariya. Sabis bai dawo ba sai bayan la'asar.

Washegari ya hau motar farko, ko kallona bai yi ba. Bayan 'yan watanni kamfani ya faɗaɗa na'urorin, cunkoson Juma'a ya yi sauƙi. Na ji an ce a ofis ya gaya musu binciken fili ya yi, har aka yaba masa. Da ya zo sunan ɗana na fari, na ba da labarin yadda yake a gaban matarsa, ya tashi ya ce zai je alwala.