Ranar da Birki Ya Kama

Kullum ƙarfe takwas Mai Dalma yake buɗe shagonsa, ya jona ƙarfen liƙa waya, ya zauna cikin tarin sitiyari da feda na wasan tseren mota a kwamfuta. Shekara ashirin da biyu ke nan yana sasanta abubuwan da ba sa ga maciji: feda ta wannan kamfani, wasa na wancan, kowanne ya ce bai san ɗan'uwansa ba. Masu wucewa kan ce, "Tsoho da wasan yara!" Shi dai sai ya ci gaba da liƙinsa.

Bara wata mata ta shigo da feda a leda. Mahaifinta direban babbar mota ne. Birki ya ƙi kama masa a gangare, abokin tafiyarsa ya rasu, ƙafarsa ta dama ta shanye rabi. Likita ya ce ya riƙa taka feda kullum, in ba haka ba ƙafar ta tafi ke nan. Aka sayo masa ta wasan tseren mota, sai wasan ya karanta fedar a juye. Ya taka birki, motar wasan ta ƙara wuta ta daki bango.

"Baba, tun ranar bai sake magana ba," in ji ta. "Ko kallon ƙafar ba ya yi."

"Ba laifin ƙafarsa ba ne, 'yata. Ki kai ni gidan."

Kwana uku ya yi a durƙushe ƙarƙashin tebur, ga ido ya fara dushewa, dalma tana ƙona masa yatsu. Ya raba wayar totur da ta birki, ya sassauta fedar yadda ƙafa marar ƙarfi za ta iya da ita.

Direba ya zauna yana gumi. Ya taka. Mota ta tsaya cak.

"Da haka ta yi mini ran nan..." Kuka ya ci ƙarfinsa.

Mai Dalma, ni mai ba da labarin nan na shaida, kai ne ka durƙusa inda wasu suka yi dariya. Ƙarshen watan nan za ka rufe shago, idon ya ƙare, kuma babu wanda ya zo koyo. Wannan abin yana yi mini ciwo. Mun gode, Allah Ya saka. Mai sauran ido ya je ya zauna kusa da kai tun kafin a sa kwaɗo.

Ƙafar direba ba ta dawo duka ba, kuma har yau ba ya tsere da kowa. Yakan ja motar wasan kaɗan, ya taka birki, ya zauna yana kallonta a tsaye.