Hannun Daman Inna

Shekarar da na gama sakandare hawan jini ya kayar da Inna a bakin turmi. Tana cikin dakan fura ne, sana'ar da ta riƙe mu da ita tun rasuwar Baba. Ƙafa ta dawo da wuri, baki ma ya miƙe. Hannun dama ne ya ƙi. Yana nan kwance a cinyarta, yatsu a dunƙule.

Yayyena maza mahauta ne, tun asuba suke fita. Ni kaɗai ce mace, don haka babu wanda ya tambaye ni ko zan iya jinya.

Addu'ar Inna guda ce, kuma a fili take yin ta: Allah Ya ba ta ikon yin alwala da hannunta kafin ta koma gare Shi. Ni nake yi mata. In na kai ruwa fuskarta sai ta rufe ido, ba ta buɗewa sai na gama ƙafafu.

Matar da ke gasa mata hannu a asibiti ta ja ni gefe, ta ce in muka ci gaba da yi mata komai, hannun zai mutu gaba ɗaya. A bar ta ta sha wuya da shi. Ban tsaya dogon tunani ba, ni dama ba na iyawa. Na daina ba ta abinci a baki. Na riƙa sa mata curin fura a tafi in ce ta matse. Lokacin salla in ajiye buta a gabanta in koma bakin ƙofa. Takan zuba ruwa da hagu, ya bi ta tsakanin yatsun dama ya zube ƙasa. Sai ta gaji nake zuwa in ƙarasa mata.

Ran wata Juma'a Gwaggo, ƙanwar Baba, ta biyo daga ziyarar kaburburan waliyyai a Hubbare da rubutu a gora. Ta tarar da tuwo a zanen Inna, cokali a ƙasa, ni ina tsaye. Ta ɗauki cokalin za ta ba ta a baki, na karɓe.

"Ke ɗiyag ga, mi ka damunki? Uwakki ta fa. Kina kallon ta tana ɓarin tuwo awa jinjira?"

Na ce, "Gwaggo, in za ki tafi gida, hannunki za ki bar mata?"

Kafin la'asar duk dangi sun ji. Babban yayana ya ce saura kaɗan ya mare ni. Masu zuwa dubiya suka koma gaishe da Inna kawai, su yi addu'a, su shafa, su wuce ni a zaure kamar ba su gan ni ba. Ƙawayena sun shiga jami'a, suna turo hotuna daga harabarta da ke Kwalkwalawa, na daina buɗewa. Inna kanta ta bar hira da ni. Mu biyu a gida wuni guda, ba ka jin komai sai ƙarar cokali in ya faɗi.

Ni ma ina addu'a, amma tawa da fushi a ciki. So nake in tashi da safe in ji ƙarar taɓarya, a ce an warke, shi ke nan. Nakan ce, Ya Rabbi, in za Ka warkar da ita Ka warkar, me ya sa sai ta hanyar da za ta tsane ni? In gama in yi istigfari.

Wata azahar ta bazara, zafi kamar a gasa mutum, na ajiye buta na koma wurina. Ta zuba ruwa. Yatsun suka haɗu, ba duka ba, amma ruwa ya tsaya a tafin. Hannun yana rawa ta kai shi fuska. Rabi ya zube a wuyan rigarta. Ta sake. Ta yi alwalar nan har ƙarshe, idonta a buɗe.

Da Gwaggo ta ji, ta ce ai dama ta sani, wanda ya roƙa a Hubbare ba ya dawowa hannu wofi. Ban yi musu ba. Wataƙila addu'ar Gwaggon ce aka karɓa. Abin da na sani, tun ina ƙarama ake dukana a kan taurin kai da rashin tausayi, kuma da ina da tausayin Gwaggo, da har yau ni ke wanke wa Inna fuska. Wa Ya halicce ni haka, kuma don me? Na taɓa tambayar malamar Islamiyyarmu, ta ce in daina zurfafawa.

Inna ba ta ce mini na gode ba, ba ta kuma koma hira da ni nan take ba. Ranar dai, da ta sallame salla, ta daɗe tana hamdala. Ina naɗe tabarma ta yi magana, ba tare da ta dube ni ba.

"Gobe ki aje man taɓarya kusa. Ƙaramar."